Abin da aikin tafinta ya koya mini game da neman lauyan kare haƙƙi a Amurka

Ni tafinta ne a birnin Niyok. Ina fassara tsakanin Hausa da Turanci a ofisoshin lauyoyi da ɗakunan da ake ɗaukar shaida bisa rantsuwa, galibi ga mutanenmu mazauna Bronx da Harlem: 'yan Nijar, 'yan zangon Ghana, 'yan Arewa, masu tuƙa tasi, masu kai saƙon abinci a keke, da matan da ke kula da tsofaffi a gidajensu. Ƙa'idar aikina ta hana ni ba da shawara. Abin da aka faɗa shi zan maimaita, ba ragi ba ƙari, kuma sirrin ɗaki a ɗaki yake tsayawa. Sai dai wanda ya daɗe yana zama tsakanin lauya da wanda aka zalunta, dole ya fara bambance lauyan da ya san wannan aiki da wanda kwat da allon talla kawai yake da su.

Gogaggen lauya da kwanan wata yake farawa. Mutum ya zo da zuciya a cike, yana so ya faro labarin tun daga shekarar da ya sauka ƙasar, sai lauyan ya tare shi: wace rana abin ya faru? Na sha ganin fuskar dattijo ta canza, ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, wannan mutumin ba ya da tausayi ne?" Tausayin ke nan. A shari'ar kare haƙƙi a Amurka, wa'adi na iya kashe ƙara tun kafin alƙali ya ji kalma ɗaya daga cikinta.

A jihar Niyok, wanda yake son ƙarar gwamnatin birni a ƙarƙashin dokar jiha, misali kan duka ko kamu ba bisa ƙa'ida ba, kwana 90 kacal yake da su ya miƙa takardar sanarwa, sannan ya shigar da ƙarar kanta cikin shekara 1 da kwana 90. Idan kwanakin nan suka wuce, akwai sauran hanya ta dokar tarayya, wato sashe mai lamba 1983 na kundin dokokin tarayya, wanda ya samo asali daga dokar 1871 da aka yi don kare baƙaƙen fata bayan yaƙin basasa. Wa'adinsa a Niyok shekara 3 ne, amma a Kentucky da Tennessee shekara 1 ce tak. Kuma hanyar tarayyar ta fi tudu. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Monell a 1978, ba a kama birni da laifin ma'aikacinsa sai an nuna cewa tsarin birnin ko al'adarsa ce ta haifar da zaluncin. Shi kuma jami'in yana da wata kariya da kotuna suka ƙirƙira: ko ya take haƙƙinka, zai iya tsira idan babu hukuncin baya da ya bayyana ƙarara cewa irin wannan aikin haramun ne. A dokar jiha kuwa, ana iya kama birni da abin da ma'aikacinsa ya aikata a bakin aiki. Shi ya sa lauyan da ya sani yake rawar jiki a kan kwana 90 ɗin nan.

Wariya a wurin aiki ma haka take. Dokar tarayya ta 1964 ta hana kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, amma sai an fara kai koke EEOC, hukumar tarayya mai kula da wariya a wurin aiki, cikin kwana 180, ko 300 a jihohi irin Niyok. In hukumar ta ba ka takardar izinin zuwa kotu, wani sabon wa'adin kwana 90 ya fara.

A nan ne abin yake ci mini rai, domin tarbiyyarmu ta saba da wani lissafi daban. In an cuce mu, sai mu ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. In abin ya yi tsanani, a je wurin liman ko shugaban al'umma ya sa baki. Ba na raina wannan. Ya sasanta rigingimu da dama waɗanda kotu za ta ƙara dagula su. Amma kamfani ko hukuma ba ɗan'uwanka ba ne da zai ji nauyin liman, kuma kwanakin ba sa tsayawa don ana sulhu. Na taɓa fassara wa wani magidanci da aka sallama daga wani babban ɗakin ajiyar kaya bayan ya nemi a riƙa ba shi awa ɗaya ranar Juma'a ya je masallaci. Ya shafe fiye da shekara yana jiran wani babba da ya yi alkawarin zai yi magana da manaja. Lokacin da ya iso gaban lauya, kwana 300 sun daɗe da wucewa. Lauyar, wata mata da ta yi shekaru a wannan fanni, ba ta sallame shi ba. Ta gaya masa ƙofar tarayya ta rufe, amma dokar jiha da ta birni sun ba shi shekara 3. Abin da ba ta iya dawo masa da shi ba shi ne hujja. Ya canza waya, saƙonnin da suka yi da manajan sun tafi, abokan aikinsa biyu da suka ji abin da aka faɗa masa sun bar garin. Ya yi shiru can, sannan ya ce da ni, "Malam, da na sani ai da na zo tun ranar." Na fassara mata kamar yadda ya faɗa.

Hoton kyamarar shago ko ta bakin gini ma ba ya jira. Na'urori da yawa suna goge tsohon hoto cikin kwanaki ko 'yan makonni. Lauyan da ya saba, tun a zaman farko zai aika takardar da ke buƙatar a adana hoton, ya ce ka je asibiti a rubuta raunin, ya ce ka daina ba da labarin a Facebook da zaurukan WhatsApp.

Sai kuma batun "lauyanmu". Kusan kowace al'umma tana da lauya ɗaya da kowa ya sani, wanda ya yi wa wane takardar zama, ya yi wa wance shari'ar haɗarin mota. In wani abu ya taso, wurinsa ake nufa, domin an yarda da shi. Amana abu ce mai kyau, amma likitan ido ba ya ɗaurin karaya. Shari'ar kare haƙƙi fanni ne mai zaman kansa, yawanci a kotun tarayya ake yinta, kuma a ɗaya ɓangaren akwai lauyoyin gwamnati ko na kamfani waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Sun san lauyan da yake kai shari'a har gaban masu yanke hukunci, sun san wanda da an miƙa masa ɗan wani abu zai karɓa ya rufe fayil, kuma tayin sulhun da suke yi yana bin wannan sanin. Lauyan shige da fice mai tsoron Allah zai ce maka wannan ba fannina ba ne, ya haɗa ka da wanda ya dace. Irin wannan ina girmama shi ƙwarai. Akwai kuma masu ofishin cike takardu da buga hatimi, waɗanda ba lauyoyi ba ne sam, kuma doka ba ta ba su damar wakiltar kowa a kotu ba.

Bincike ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Hukumar kotunan jihar Niyok tana da shafi a intanet inda za ka rubuta sunan lauya ka ga ko lasisinsa na aiki, ko an taɓa hukunta shi. Shari'o'in kotun tarayya kuma suna cikin shafin intanet mai suna PACER, inda ake biyan senti 10 a kan kowane shafi, kuma in kuɗin bai wuce dala 30 cikin wata uku ba, a yafe. Ɗanka ko 'yarka mai jin Turanci za su iya duba maka irin ƙararrakin da lauyan ya shigar da yadda suka ƙare. A gabansa kuma ka tambaye shi kai tsaye: shari'a irin tawa nawa ka yi? Nawa ka kai har zaman kotu? Kai ne za ka riƙe fayil ɗina ko wani yaronka? Mu muna jin nauyin yi wa babban mutum irin waɗannan tambayoyi. Ban taɓa ganin gogaggen lauya ya ji haushinsu ba; wanda ya ɓata rai, ya ba ka amsa ke nan.

Mutanenmu da yawa ba sa bambance shari'ar laifi da ta neman diyya, kuma babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na Amadou Diallo, matashin ɗan Gini da 'yan sanda huɗu suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Bronx ranar 4 ga Fabrairu, 1999, babu makami a hannunsa. A 2000 kotu ta wanke su duka. Amma iyayensa sun shigar da tasu ƙarar ta daban, kuma a 2004 birnin ya amince ya biya dala miliyan 3. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ba lauyanka ba ne. In shari'arsa ta faɗi, taka tana nan. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi cutar da mu. An kama mutum ba gaira ba dalili, ya kwana a tsare, washegari a ce masa ya amsa wani ɗan ƙaramin laifi ya biya tara ya tafi gida. Ya amsa don ya koma bakin aikinsa, bai san amsawar nan na iya rushe ƙarar kamu ba bisa ƙa'ida ba da zai shigar daga baya. Wanda ke da niyyar neman haƙƙinsa, ya gaya wa lauyan da ke kare shi a kotun laifi tun kafin ya amsa komai.

Game da kuɗi, yawancin waɗannan lauyoyi ba sa karɓar komai sai an ci, kuma kasonsu galibi ɗaya bisa uku ne, wani lokaci ya haura. Wata dokar tarayya ta 1976 ta kuma ba kotu ikon tilasta wa wanda aka kayar ya biya kuɗin lauyan mai ƙara. Doka ta wajabta a rubuta irin wannan yarjejeniya, to ka nemi a karanta maka ita layi-layi kafin ka sa hannu. Wurin da za ka kasa kunne shi ne kuɗin ɗawainiya, kamar na masu rubuta shaida da na ƙwararrun likitoci. A ce an sasanta a kan dala 90,000, ɗawainiya ta ci 15,000. In lauya ya cire kasonsa kafin ɗawainiya, 45,000 za ka samu; in bayanta ne, 50,000. Ka tambayi kuma wa zai biya ɗawainiyar in an faɗi. Karɓar tayin sulhu ko ƙin sa kuwa naka ne, ba na lauya ba.

Lauyan da ya faɗa maka adadi a zaman farko, ka yi hattara da shi. Kowa ya ji labarin dala miliyan 27 da birnin Minneapolis ya amince ya biya iyalan George Floyd a 2021, sai mutum ya shigo ofis da wannan lissafin a kai. Wanda ya san aiki raunin shari'arka zai fara nuna maka, ya gaya maka za a iya shekaru ana yi, ya gaya maka lauyoyin can za su tono tarihinka. In ba ka da takardar zama, zai faɗa maka cewa rashinta bai hana ka kai ƙara ba, ya kuma zauna ya tattauna haɗarin da kai ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Kai ma sai ka buɗe masa cikinka. Kunya tana cikin mafi kyawun halayenmu, amma a ɗakin lauya takan ɓoye ainihin hujjar. Uwa ba za ta iya faɗin yadda aka caje jikinta ba in ɗanta ne ke fassarawa, magidanci ba zai ambaci tsohon kamun da aka yi masa ba in abokinsa na zaune, sai abin ya fito daga bakin lauyan ɗaya ɓangaren bayan an yi rantsuwa. Zaman aboki ko maƙwabci a ɗakin ma zai iya raunana kariyar sirrin da ke tsakaninka da lauyanka. Ka nemi ofishin ya ɗauko tafinta na aiki, kuma Hajiya tana da damar cewa mace take so. Abin da ake jin nauyin faɗa sau da yawa shi ne shari'ar. Mata biyu Musulmi da aka tilasta wa cire hijabi don ɗaukar hoto bayan an kama su sun kai ƙarar birnin Niyok a 2018. A 2020 aka canza tsarin, a 2024 birnin ya amince ya biya dala miliyan 17.5 ga waɗanda abin ya shafa. Samantha Elauf, wadda kamfanin Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta, shari'arta ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci a 2015 da rinjayen alƙalai 8 da 1. Da sun yi shiru, da ba a samu ko ɗaya ba.

Wani lokaci lauya mai kyau zai saurare ka har ƙarshe ya ce ba zai karɓa ba. Na ga mutane sun tashi a sanyaye, sun ɗauka an yanke musu hukunci. Ba haka ba ne. Shi ne zai zuba kuɗinsa da shekarunsa, don haka yana iya ƙin shari'a mai gaskiya saboda diyyar ba za ta rufe ɗawainiya ba, ko aiki ya yi masa yawa. Kafin ka fita, ka tambaye shi dalili, ka tambaye shi ranar da wa'adinka zai ƙare, ka roƙe shi sunan wani lauyan. Ƙungiyar lauyoyin birni tana da sashen haɗa mutane da lauya, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi irin CAIR da ACLU suna karɓar wasu ƙararrakin kyauta. Ka buga wa na gaba waya a wannan makon.