Tabon da ya ƙi jin maganin makero

Ƙannena masu fara aiki a ƙananan asibitocin Zamfara, kuskuren da ya fi ci mana rai, mu da muka riga ku, shi ne saurin raɗa wa tabo suna. Mutum ya zo da tabo mai ƙaiƙayi a mazaunai, cinya ko ƙasan hammata, inda rana ba ta kaiwa, mu ce makero ne, mu rubuta man shafawa. Ya lafa, ya dawo, mu sake rubutawa. A cikinsu akwai masu sankarar da ake kira mycosis fungoides, wadda ke tasowa daga wasu fararen ƙwayoyin jini da suka taru a fata. Tafiyar hawainiya take yi, takan ɗauki shekaru ba a gane ta ba.

A baƙar fata tabon yakan yi haske, har a zaci kuturta. Ku sa mutum ya rufe ido, ku shafa auduga a wurin: tabon kuturta ne jinsa ke raguwa. Tabon da ya yi watanni bai ji magani ba, ku tura mai shi Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato a yanki ɗan fata a gwada. Ya daina man sitiroid, wato man shafawa mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, mako 2 zuwa 4 kafin nan, domin yana ɓoye alamar, kuma sau da yawa sai an maimaita gwajin.

Kuskure na biyu shi ma mai ciwo ne: muka tsaya auna tabo, muka manta tambayar barci. Ƙaiƙayin nan shi ke cinye mutum, kuma ƙwayar maganin ƙaiƙayi da aka saba ba ta cika kashe shi ba. Mai tabon ya riƙa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba soso, ba sabulu mai kaifi. Kafin jiki ya bushe, ya shafa man kaɗanya ko Vaseline, sau 2 a rana aƙalla, da hunturu ya ƙara. Ya yanke farce, ya sa tufar auduga sakakka. In likita ya rubuta sitiroid, abin da aka matso daga bakin yatsa zuwa gaɓar farko, kimanin rabin giram, ya ishi faɗin tafin hannu 2. Fiye da haka tsawon lokaci yana sirantar da fata.

Fatar da susa ta tsage ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma shigarsu jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan sankarar. Zazzaɓi, mugunya, wari ko kaluluwa, a tafi asibiti a ranar.

Sannan ku kira iyalin gida ku faɗa musu baki da baki: wannan sankarar ba a ɗaukarta. Kada a ware masa kwano ko tabarma, kada a ja jiki in ya shigo sahu.