Ka duba halinka kafin ka zaɓi sana'a

Ƙannena matasa, yawancinmu a karkara muna zaɓen sana'a ne saboda abin da muka ga ta kawo wa wani, ba tare da mun tambayi kanmu ko halinmu zai iya ɗaukarta ba. Tun a 1921 likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya bambanta mutumin da hankalinsa ya karkata ga jama'a da wanda ya fi natsuwa idan ya keɓe da tunaninsa, kuma kowannensu da irin aikin da yake yi masa sauƙi.

Ni mai shiru-shiru ne, amma da na ga tsarana suna dawowa daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da la'ada a aljihu, sai na faɗa dillancin shanu. Dillali kuwa da bakinsa yake ci, domin shi ne zai lallashi mai saniya ya rage, ya zuga mai saye ya ƙara tayi, a yi ta ce masa "albarka" fuskarsa ba ta sauya ba. Ni da zarar an ƙi tayina sai in daskare, kafin in harhaɗa magana an sallama wa wani. Na ɗora laifin a kan rashin sa'a, har na zargi mutanen da ba su yi mini komai ba. Sai da wani ubangidana mai injin casar shinkafa a Kura ya damƙa mini littafi, ina rubuta buhunan shanshera da kuɗin kowane manomi, sannan shirun da ya kayar da ni a kara ya zama abin yabo, saboda lissafi ba ya son mai raba hankali.

Yanzu wasunku suna amsa tambayoyin gwajin gane hali na Myers-Briggs a waya, wanda ya kasa mutane gida 16. Ba laifi, amma kada ku ɗauke shi hukunci, domin mafi yawan mutane a tsakiya suke, tsakanin mai son jama'a da mai son keɓewa, kuma wanda ya sake gwajin yakan faɗa wani gidan daban. Abin da ya fi shi amfani shi ne ka wuni kusa da mai sana'ar a ranar da aiki ya yi masa yawa, ka lura da abin da yake jurewa, sannan ka tambayi iyayenka da malaminka, waɗanda suka san inda kake gajiya. Kada kuma hali ya zame maka uzuri, ko a kan littafin nan sai da na koyi duban idon dattijo sa'an mahaifina in ce masa, "Baba, a yi haƙuri, buhun nan bai cika ba."