Yadda na fitar da furfural daga totuwar masara

A gidanmu totuwa makamashi ce kawai, Inna ke tura ta murhu idan itace ya yi tsada. Da na cika buhu bayan kaka na ce makaranta zan kai, sai ta ce, "Ɗan nan, me za a yi da totuwa a jami'a?" Aikin kammala digirina ne: fitar da furfural, sinadarin da ake tace man shafawar inji da shi, kuma ake haɗa ƙaron da ke riƙe yashi a masana'antar narka ƙarfe. Ba daga man fetur ake samunsa ba. Kamfanin Quaker Oats a Amurka ya fara yin sa da yawa tun 1922, daga ɓuntun hatsin da yake sarrafawa.

Na shanya totuwar ta bushe ƙayau, na daka, na zuba ruwan asid na salfa mai rauni da gishiri, na ɗora a wuta. Asid ɗin yana warware sukarin da ke cikin totuwa, zafi kuma ya mayar da shi furfural.

Karon farko na bar tukunyar ta daɗe tana tafasa, a tunanina ƙarin lokaci ƙarin riba ne. Baƙin danƙo kamar kwalta na tarar, ya kama gindin kwalbar. Malam ya duba ya ce, "Ka yi shi, amma ka bar shi a cikin asid ya cinye kansa." Furfural ba ya jira. Da zarar ya samu dole tururi ya ɗauke shi ya fita, in ya zauna sai ya lalace.

Karo na uku na haɗa bututun sanyaya tururi tun daga farko. Ɗigon farko ya sauko da ƙamshi mai kama da na burodi mai zafi. Na taɓa shi da takardar anilin, wadda ake gwada furfural da ita, nan take ta yi ja wur. Wallahi hannuna har rawa yake.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafi. Ko a masana'anta, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshiyar totuwa ake samu, nawa bai kai haka ba, ga gas da na ƙona mai yawa. Sai daga baya na lura cewa garin totuwar da ya rage yana cin wuta idan ya bushe, kuma da shi masana'antu ke dafa tururinsu. Furfural ɗin da na samu na zuba a kwalba mai duhu, domin iska da haske kan mayar da shi ruwan ƙasa. Da na je gida na nuna wa Inna, ta shinshina ta ce in bar mata rabin buhun bana.