Lambar da ta sa na koma kan biro da takarda

Na fara sanin 2,147,483,647 ne ranar da wata 'yar manhajar ƙidaya da na rubuta ta rikice mini. Tana ta ƙara ɗaya bisa ɗaya lafiya lau, tana isowa nan sai ta faɗa can ƙasa da sifili, ta nuna −2,147,483,648. Na kwana ina neman kuskurena, ashe iyakar ma'ajin ke nan. Kwamfuta mai ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi yana ɗaukar 0 ko 1 kawai, takan ware gurbi ɗaya don alamar sama ko ƙasa da sifili, 31 da suka rage kuma nan ƙarfinsu ya ƙare. Shi ya sa ma ake maganar 19 ga Janairu, 2038, ranar da daƙiƙoƙin da tsofaffin na'urori ke ƙirgawa tun farkon 1970 za su cika wannan adadi.

Amma ba wannan ne ya riƙe ni ba. Ka jera 2 har sau 31, ka ninka su da juna, ka cire ɗaya, ita za ka samu. Kuma ba lambar da ke raba ta ba saura, sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa, kuma ita ce ta takwas a jerinsu. Kada a ɗauka dabarar kullum tana ci: jera 2 sau 11 maimakon 31, za ka sami 2047, wato 23 sau 89.

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, shi ne ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Yadda ya yi shi ne abin da har yau nake jinjina wa. Bai kama raba ta da kowace lamba ba. Da farko, ba a buƙatar wuce 46,340, domin in akwai mai raba ta a sama da haka, dole abokiyarta tana ƙasa. Sannan ya nuna cewa in akwai wata lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, to in an raba wannan marar rabuwar da 248, saura 1 ko 63 za ta bari. Daga dubbai masu yawa, abin gwadawa ya dawo bai kai 400 ba, kuma da yawa a cikinsu suna zubewa tun da su ma masu rabuwa ne.

A daren jiya na ajiye waya na gwada ta farko cikin waɗanda suka rage da hannuna, wato 311. Ta shiga sau 6,905,092, saura 35. Sai da na maimaita sau biyu kafin na yarda da kaina. Ina so in bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ɗauke ni wata guda.