Kwanon da ya dawo wayam

Duk ranar da na buɗe akwatina na ƙarƙashin gado sai na ci karo da rigar. Atamfa ce mai ruwan ganye, ɗinkin yarinya 'yar shekara shida, tana nan a ninke cikin baƙar ledar da aka dawo mini da ita ranar Ƙaramar Sallar 2024. Na kasa kyautar da ita, na kuma kasa daina dubanta.

Abin ya faro ne tun sallar da ta gabace ta. Yarana sun dawo daga yawon sallah da yamma, suka baje a tabarma suna ƙirga goron sallarsu, ina kicin ina jin su. Babban yana ware 'yan ɗari biyu gefe, 'yan hamsin gefe, sai na ji ya ce gidan Kawu ba a ƙara zuwa, tunda hamsin-hamsin ya ba su. Ƙanwarsa ta ce ai Gwaggo ta fi kowa kirki, ɗari biyar ta bayar. Na tsaya da ludayi a hannu. Kawun nan yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare, shi ya biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare da albashinsa. Ga 'ya'yan cikina suna auna shi da takardar hamsin.

Na ƙudurta a raina sallah mai zuwa sai an canza. Ban yi niyyar hana su yawon sallah ba, zumunci a ƙafa yake, mu ma da shi muka tashi. So nake hannunsu ya saba da miƙawa kamar yadda ya saba da karɓa.

Da azumi ya kama na sayo musu asusun ƙasa. Zakkar kono kuwa, da Abbansu ya saba aunawa shi kaɗai da daddare, muka mai da ita aikin gida duka, kwana biyu kafin sallah. Shi ke cika tafukansa biyu da shinkafa, sau huɗu ga kowane mutum, su kuma suna riƙe da bakin buhu suna ƙirgawa da ƙarfi: wannan ta Umma, wannan ta Abba, wannan ta Auta. Babban ya tambaya don me ake fitar wa Auta, shi da ko azumin rabin yini bai yi ba. Abbansu ya kawo masa hadisin Ibnu Umar, cewa an wajabta ta a kan babba da yaro, namiji da mace, kuma a fitar kafin mutane su tafi idi. Wannan duk ya tafi lafiya lau. Daɗinsa ne ma ya ɗebe ni na wuce gona da iri.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, lokacin ba ta fi wata biyu da fita takaba ba. Awara da ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Shekara bakwai muna tare. Ita ke yi mini kitso, a firjina take ajiye markaɗenta, daren da naƙudar Auta ta tashi ita ta kwana da manyan. Yarana Mama suke ce mata. 'Yarta sa'ar tawa ce, ajinsu ɗaya a Islamiyya. Shekarar kuwa kowa ya san yadda ta zo, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kwanon abinci ya yi tashin gwauron zabi. Na lura har goman ƙarshe ba ta kai ɗinki ba. Da na shiga Kantin Kwari sai na yanko atamfar da za ta ishi yara biyu, na ba tela ya ɗinka musu iri ɗaya.

Da a nan na tsaya da babu abin da ya faru. Amma ni darasi nake son koyarwa. Daren sallah, 'yata na zaune da lalle a hannu tana jiran ya kama, na zauna kusa da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce kin ga su yanzu ba su da Abba, ba su da kuɗin ɗinki, mu da Allah ya hore wa mu ne za mu taimaka musu, Allah ya ba mu lada. Na ƙara da maganar da har gobe take ci mini rai. Na ce idan Mama ta ba ki wani abu kada ki karɓa, ta fi mu buƙata. A zuciyata wai sauƙaƙa mata nake yi.

Da aka sauko daga idi na cika langa da tuwon shinkafa, na zuba miyar taushe a kula, na ɗora rigar a sama. Na tsayar da yarinyar a zaure na ɗauke ta hoto, na sa a WhatsApp da rubutun cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matar tana da lambata. Ko kaɗan wannan bai zo mini a rai ba.

Ban je ba, babban ne ya raka ta, shi ya ba ni labari. Ashe dangin marigayin sun cika ɗakin, sallar farko ce bayan rasuwa, sun zo duba marayu. 'Yata ta durƙusa ta gaishe su kamar yadda na koya mata, sannan ta miƙa rigar ta maimaita maganata kalma bayan kalma, har da ba ku da Abba, har da lada. Duk da haka matar ta daure. Ta juye tuwon, ta jera waina a cikin langar, ta kwance haɓar zaninta ta ciro naira ɗari ta miƙa tukuici. Yarinyar ta mai da hannuwanta baya ta ce, "Umma ta ce kar mu karɓa, kun fi mu buƙata."

Ya ce, "Umma, ɗakin ya yi tsit. Mama ta riƙa ɗebe wainar ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa a kwanonta."

Bayan la'asar babban ɗanta ya yi sallama daga zaure, ya ƙi shigowa. Langa a wanke tas, babu komai ciki, ga baƙar leda a kai.

Washegari, mutane na ta tururuwa zuwa kallon Hawan Daushe, ni kuwa na tafi gidan Inna ina neman wanda zai ce mini ba laifina ba ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ke yanzu tun tasowarki kin taɓa ganin kwanon sallah ya dawo wayam?" Ta ce shi abincin sallah musaya ne. Mai shinkafa da kaji ya aika, mai ɗan wake ma ya aika, kwano ya je da abu ya dawo da abu, babu wanda za a nuna a ce shi aka taimaka wa. Tukuicin nan da na hana a karɓa, da shi wanda aka yi wa kyauta yake tsare mutuncinsa, ko na goro ɗaya ne. "Kin ba ta riga, kin hana ta zama mai bayarwa a gaban dangin mijinta. Da cewa kika yi anko ne kika yi wa ƙawaye biyu, da har guɗa sai an yi miki."

Rigar dai ita ce, tuwon shi ne, abin da na ɗora a bakin yarinya ne ya ɓata su. Na san ayar Suratul Baƙara tun ina Islamiyya, ta 263, cewa kyakkyawar magana da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, da mai bi mata da ta hana ɓata sadaka da gori. Kullum ina ɗauka da masu gorin baki ake, irin masu cewa ba don ni ba. Ban taɓa kawowa mutum zai iya yin gori da kyakkyawar niyya ba, ya kuma aika 'yar shekara shida ta isar masa.

Sai da na kwana uku kafin na iya shiga gidanta, bayan magariba, ni kaɗai. Na ba ta haƙuri ina kuka. Ta ce ba komai, ai yarinya ce. Ta yi shiru, tana juya awara a kasko, can ta ce, "Sai dai yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba." Ban sami amsa ba, kuma ba ta nemi in ba ta ba.

Yarinyar ban yi mata faɗa ba, me ta yi? Aike aka ba ta ta isar. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne ganin ta fara kallon ƙawarta da wani ido. Ta taɓa tambayata ko za ta ba ta ragowar biskit ɗinta tunda su marayu ne. Wannan kallon ni na dasa shi, kuma cire shi ya fi dasa shi wahala nesa ba kusa ba.

Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuni na yi komai a kan tsoron maimaita wancan. Naman layya na ƙulla shi kashi iri ɗaya, leda iri ɗaya, na sa yaran su bi layinmu gida-gida ba tsallake, daga gidan Alhajin da ya yanka sa har ɗakin mai gadi. Ban ce musu wane mai hali ne wane mabuƙaci ba. Umarni ɗaya na ba su: duk abin da aka ba ku, ko alawa ce, ku sa hannu biyu ku karɓa, ku durƙusa ku yi godiya. Almajirin gidanmu, da a da sai an gama ci ake kankare masa tukunya, na sa babban ya riƙa zuba masa tun a ludayin farko, su zauna tabarma ɗaya. A wannan ma ban yi wa'azi ba, na ce dai baƙo ake fara sallama.

Kuɗin asusu kuwa na daina haɗa shi da fuskar da suka sani. Ranar da aka fasa, kowa ya ware abin da ransa ya ba shi, muka sa a ambulan muka kai wa malamarsu ta Islamiyya, ita ta san gidajen da za ta kai ba tare da kowa ya ji ba. 'Yata ta dame ni da tambayar wa aka ba. Na ce ni ma ban sani ba, na ba ta labarin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, cikinsu har da wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Ta dubi hannuwanta, ta cusa na hagun cikin hijabi, ta miƙa ambulan da na dama. Malamar ta yi murmushi, ni kuwa hawaye ne suka zo mini.

Idan wata uwa ta tambaye ni yanzu, abin da nake ce mata kaɗan ne. Kada ki kira maƙwabcinki talaka a kunnen ɗanki, ko da cikin tausayi ne, domin zai kai masa har gida. Kada ki hana a karɓi tukuici. Wayar nan kuma ki ajiye ta. Hoton da na sa na goge shi tun a daren, amma na riga na ga sunanta cikin waɗanda suka kalla.

A Ƙaramar Sallar 2025 na aika da langar nan dai, tuwo kawai, babu saƙon komai sai barka da sallah. Ina tsakar gida gabana na faɗuwa har aka yi azahar. Sai ga 'yarta ta yi sallama, langa a ka, waina shida a ciki da ɗan ƙullin yaji. Na ba ta tukuici ta karɓa, suka fice da tawa suna gwada lallensu. Uwar muna gaisawa ta katanga, ta dawo da ajiye markaɗe a firjina. Kitso dai har yau ba ta ce in zo ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Rigar yanzu ta yi wa su biyun kaɗan.