Bin Sawun Iyalin McQuesten a Bakin Kogin Yukon

Da ƙarfe bakwai na safe muka bar Whitehorse, babban birnin yankin Yukon da ke arewacin Kanada, a motar haya, ni da ƙanena da ke karatu a Kanada, muka nufi Dawson, tafiyar kilomita kusan 530 a cikin dajin da sai ka yi awa guda ba ka ga ko bukka ba. Bayan mun wuce Stewart Crossing muka hau wata gada, na ce masa ya tsaya, domin allon da ke gefen hanya yana ɗauke da sunan kogin McQuesten. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, "Yaya, wai saboda mai wannan sunan muka baro gida?" Na ce masa saboda shi ne da matarsa, kuma matar ce ta fi tsaya mini a rai.

Dalilina kuwa daga gida ya samo asali. Kakanmu bafatake ne da ya yi safarar goro daga Gwanja, kuma mun tashi muna jin labarin maigidan zango, wanda zai saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya ba shi kaya bashi ba tare da takarda ba. Da na fara jin labarin Leroy Napoleon McQuesten, wanda kowa ke kira Jack, sai na ga kamar irin wannan maigidan ne aka ɗauke aka dasa a ƙasar ƙanƙara. An haife shi a 1836 a arewa maso gabashin Amurka, ya iso yankin Yukon a 1873, shekarar da abokan sana'arsa Arthur Harper da Alfred Mayo su ma suka iso. A 1874 ya kafa wurin ciniki mai suna Fort Reliance a madadin kamfanin Alaska Commercial, 'yan mil kaɗan kacal daga inda Dawson take a yau, alhali a lokacin babu Dawson, sai sansanonin kamun kifi na mutanen Han, 'yan asalin wurin. Har nisan wurare da shagonsa aka riƙa aunawa, shi ya sa aka sami kogin Fortymile, wato mil arba'in daga Fort Reliance, da kogin Sixtymile, mil sittin.

Mun isa Dawson da yamma, ko kuwa in ce agogo ne ya ce yamma ta yi, domin ƙarshen watan Yuni ne kuma rana ba ta da niyyar faɗuwa. Mun yi sallar magariba wajen ƙarfe ɗaya na dare, sararin sama yana nan fayau kamar bayan la'asar sakaliya, ƙanena yana ta mita cewa barci ya gagare shi. Washegari muka hau tudun da ke bayan gari zuwa maƙabartar ƙungiyar da ake kira Yukon Order of Pioneers, wato ƙungiyar mutanen farko na Yukon. Na daɗe a gaban wani kabari da aka kewaye da farin katako, ina duban alamar ƙungiyar, wadda ma'aunin kafinta ne da aka lanƙwasa. Takensu shi ne ka yi wa mutane abin da kake so a yi maka.

A ranar 1 ga Disamba, 1894 aka kafa ƙungiyar a garin Forty Mile, McQuesten ne shugabanta na farko, kuma da farko ba a karɓar kowa sai wanda ya shigo yankin tun kafin ƙarshen 1888. Abin da ya haifar da ita tsoro ne da bukata. Tun da aka sami zinariya a kogin Fortymile a 1886 baƙi suka fara kwararowa, babu alƙali babu ɗan sanda, sai taron masu haƙa da ke yanke hukunci da ɗaga hannu, kuma tsofaffin hannu suka ga wannan taron ya fara zama na 'yan hayaniya. Sai suka haɗa kansu don su yi jinyar marar lafiya, su rufa wa wanda ya karye asiri, su binne wanda ya mutu nesa da danginsa.

Don mu ga inda aka yi wannan zama, sai muka tsallake kogin Yukon a jirgin fito na George Black, wanda ba a biyan ko kwabo, muka hau hanyar da ke bin ƙoƙuwar duwatsu zuwa Alaska, sannan muka ratse zuwa wata hanyar tsakuwa mai gangara. A nan tayarmu ta fashe, muka ɓata fiye da awa guda muna canza ta, sauro yana cin mu kamar an aiko shi. Ƙarshen tafiyar da ƙafa muka yi ta. Forty Mile ba gari ba ne yanzu, 'yan gine-ginen gungume ne a cikin dogayen ciyayi, a daidai inda ƙaramin kogin ke zuba cikin babban. Na dafa bangon wani tsohon ɗaki, na ga sawun gatari a jikin kowane gungume, da gansakukar da aka cusa a tsakaninsu don toshe iska, ta bushe ta zama kamar tsohuwar auduga. Mutanen Tr'ondëk Hwëch'in, wani reshe na mutanen Han, waɗanda kakanninsu suka yi farauta da kamun kifi a nan tun kafin zuwan Turawa, su ne ke kula da wurin tare da gwamnatin Yukon.

A irin wannan ɗaki McQuesten ya yi sunan da ya sa ake ce masa uban Yukon. Mai neman zinariya zai zo masa hannu rabbana, ya ɗauki garin alkama da wake da shebur, ya shiga daji, sai kaka ya dawo ya biya in ya samu, in bai samu ba a ƙara masa wani bashin. Ba sadaka yake yi ba, ya san cewa muddin mutanen nan suna raye suna tono, wata rana ɗaya daga cikinsu zai dace. Ana kuma ba da labarin ma'aunin sanyinsa, kwalabe huɗu da yake jerawa a waje, ɗaya da zaiba, ɗaya da barasa, ɗaya da kananzir, ɗaya da wani maganin ciwon jiki. In na ƙarshen ya daskare, mai hankali ba ya fita daga ɗaki.

Amma duk wannan rabin labari ne. A 1878 ya auri Satejdenalno, wadda aka fi sani da Katherine, 'yar ƙabilar Koyukon daga ƙasan kogin a Alaska, tana da shekara 18 shi kuma ya haura arba'in. Ta yi karatu a makarantar mishan ta Rashawa, tana jin harshen mutanenta da Rashanci da Turanci. Duk wanda ya san kasuwanci a baƙuwar ƙasa ya san abin da wannan ke nufi: ita ce bakinsa a wurin masu ƙasa, danginta ne jinginarsa, kuma gidanta ne wurin da masu haƙa ke samun abinci mai zafi da taron biki a tsakiyar hunturu. Ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya a cikin wannan yawo daga sansani zuwa sansani. Abokansa biyu ma haka suka yi, Harper ya auri Jennie, Mayo ya auri Margaret, dukansu 'yan Koyukon. Ɗan autan Harper da Jennie, Walter, shi ne mutum na farko da ya taka ƙololuwar Denali, dutse mafi tsayi a nahiyar Amurka ta Arewa, a 1913, ya kuma rasu tare da amaryarsa a 1918 lokacin da jirgin ruwan Princess Sophia ya nutse.

Sai dai ƙungiyar da mijinta ya shugabanta ta maza ce zalla, Katherine ba ta da kujera a cikinta, ko da yake ta riga mafi yawansu sanin kogin. Wannan ƙa'ida ta daɗe, domin har wata mata mazauniyar Dawson, Madeleine Gould, ta nemi shiga aka hana ta, magana ta kai Kotun Ƙolin Kanada, wadda ta ba ƙungiyar gaskiya a 1996. Ƙanena ya ce, "To, Yaya, ai mu ma sunan Kaka Alhaji kaɗai ake faɗa, wa ya taɓa ba mu labarin wadda ta riƙa dafa wa ayari tuwo?" Ban sami abin ce masa ba.

Zinariyar da McQuesten ya yi shekara ashirin yana jira ta bayyana a watan Agusta na 1896 a rafin Bonanza, kusa da tsohon shagonsa na Fort Reliance, Forty Mile ta watse cikin 'yan kwanaki, Circle City da ya kafa a Alaska ita ma ta bi sahu. Dubban baƙin da suka cika Dawson ba su san shi ba, kuma ba irin mutanen da ake bai wa bashi da baki ba ne. A 1897 ya kwashe iyalinsa zuwa Berkeley a Kaliforniya, inda ya rasu a 1909. Katherine ta ci gaba da riƙe gida da dukiya har ta rasu a 1921, a garin da babu mai jin harshen da aka yi mata tawai da shi.

Da muka koma bakin fito dare ya yi nisa a agogo, rana kuwa tana nan a kan duwatsu. Muka bi layi a bayan wata babbar mota mai ɗauke da injin haƙa, jirgin ya taso daga ɗaya gaɓar yana karkacewa saboda ƙarfin ruwa, ƙanena kuma ya fita ya sake duba tayar da muka ɗaura.