Rufin majami'ar Zillis, bayan kwazazzabon Via Mala

Daga birnin Chur, hedikwatar jihar Graubünden da ke gabashin ƙasar Suwizalan, na hau jirgin ƙasa zuwa Thusis, daga nan kuma na shiga bas mai launin ɗorawa ta gidan waya, wadda ke jigilar mutanen ƙauyukan kan duwatsu. Fitarmu daga Thusis ke da wuya sai hanya ta kutsa cikin Via Mala, kwazazzabon da wani reshen kogin Rhine ya yanka a cikin dutse, inda zurfinsa ya kai mita 300 a wasu wuraren. Tun zamanin Rumawa fatake ke bi ta nan da dabbobinsu domin tsallaka tsaunukan Alps zuwa Italiya ta mashigar Splügen ko ta San Bernardino. Da muka fita daga wannan ƙunci sai kwari ya buɗe, ciyawa kore shar, ga kuma ƙauyen Zillis a gefen kogi.

Daga waje, majami'ar Waliyyi Martin ba ta da wani kwarjini, in ban da hasumiyarta da kuma ƙaton zanen Waliyyi Kiristofa, majiɓincin matafiya a wurin Kiristocin wancan zamani, da ke jikin bangon gabanta. Tun shekarar 831 aka ambace ta a rubuce, amma abin da ke kawo baƙi daga ƙasashe masu nisa shi ne rufinta na katako, wanda aka yi tsakanin 1109 da 1114. Alluna 153 ne aka jera layi-layi, kowanne faɗinsa kusan santimita 90, kuma babu wanda aka bari ba zane. An tanadi madubai domin kada wuyan mai kallo ya ƙage, saboda haka na ɗauki ɗaya na zauna a kan benci ina bin allunan ɗaya bayan ɗaya.

Alluna 48 da suka kewaye gefen rufin su suka fi riƙe ni. Teku ce aka zana a kansu, cike da halittu masu ban tsoro, har da giwa da zaki masu wutsiyar kifi, ga kuma 'yan ruwa masu busa da kiɗa, sa'annan a kusurwoyi huɗu mala'iku na busa ƙaho. A ganina, bafataken da ya fito da ransa daga Via Mala ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan zane, domin ya san abin da ake nufi da duniyar da haɗari ya yi wa ƙawanya. Sauran alluna 105 na ciki kuwa galibinsu labarin Yesu Almasihu suke bayarwa, tun daga bisharar haihuwarsa, da zuwan sarakunan gabas su uku, waɗanda aka ba su alluna da dama har da dawakansu, da gudun hijira zuwa Masar, da mu'ujizojinsa. Masu zanen sun yi amfani da baƙin layi mai kauri da launuka kaɗan, suka kuma girmama hannuwa da idanu, ta yadda manomin da bai iya karatu ba zai gane wa ke magana, wa kuma ke roƙo, ko da yana tsaye a ƙasa. Labarin ya tsaya ne a inda aka sa masa kambin ƙaya, daga nan layin ƙarshe ya koma kan Martin na Tours, sojan Rum da ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani almajiri da sanyi ya addaba.

Mutanen Zillis sun karɓi ɗarikar Furotesta a ƙarni na 16, lokacin da aka kawar da hotuna a majami'u da yawa na ƙasar, amma rufinsu ya tsira, kuma wannan ya ƙara mini ganin girmansu. An sauke allunan an gyara su a 1939 zuwa 1940, aka sake jera su yadda ake ganinsu yau, sa'annan aka ƙara wani gyaran a 2003 zuwa 2004, domin danshi da sauyin yanayin ɗakin suna sa fenti ya riƙa ɓamɓarewa daga jikin katakon.